Layukan Gawayi a Bangon Inna Sa'ade

"Ba zan bar aikina ba."

Ummulkhairi ba ta ɗaga murya ba. Idonta na kan ruwan kanal ɗin da ya bi ta ƙofar gidansu ya gangara gonakin shinkafa. Fatihu na jingine da babur ɗinsa, hula a hannu, yana murza ta kamar ita ta yi masa laifi.

"Ummuna, ki saurare ni tukuna..."

"Na saurara. Gwaggonka ta ce in ina son shiga danginku, sai na daina taɓa jikin mutane. Ba shi ke nan ba?"

"Shi ke nan."

"To ka gaishe ta."

Shekara huɗu ta yi a Kano tana koyon gashin ƙashi da tausa, ta dawo aka ba ta ɗaki guda a wani ƙaramin asibiti a Bunkure. Duk wanda ya san matan wannan yanki ya san abin da dashen shinkafa da tsayuwa kan tukunyar turara ta ke yi wa ƙugu da kafaɗa. Su ne masu cika mata benci. Mata kawai take taɓawa, maza kuwa akwai abokin aikinta Mudassiru. Amma wannan bai hana Gwaggo Tambaya bin gidajen suna tana cewa an ga yarinyar nan ta rufe ƙofa da ƙato tana murza masa baya ba. In aka ce wa ya gani, sai ta ce Saliha. Saliha kuwa 'yarta ce, wadda ta daɗe tana yi wa tanadin Fatihu.

Kuma maganar Gwaggo ba abar wasa ba ce. Fatihu ɗan fari ne, tun da aka yaye shi aka miƙa mata riƙo. A gidanta na Kura ya tashi, ita ta sa shi makaranta har ya zama malamin dabbobi.

"Mahaifiyarka fa? Ita me ta ce?"

Ya yi wata 'yar dariya maras daɗi.

"Dada? Kin manta mu Fulani ne, ni kuma ɗan fari? Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na shiga ruga ta nan, ta fita ta can. Ko za a aura min kututture ba za ta ce uffan ba."

"Kai fa?"

"Ni ke nake so, kin sani. Amma nan da mako uku, in an gama yankan shinkafa, za a zauna gaban Baffa Iliyasu, babban danginmu, a yanke magana. In ba ni da abin da zan kai musu..."

"Ka kai musu gaskiya."

Ta shige gida. Sai da ta kai zaure na biyu sannan ta tsaya ta share ido da gefen hijabi. Tana son sa, so mai tsanani, kuma haushin kanta take ji da bakinta ya fi zuciyarta ƙarfi.

Ranar Talata Inna Sa'ade ce ta fara shigowa, kamar kullum. Doguwar Bafulatana ce siririya, wadda in ka tambaye ta ya jiki, ko ƙafarta na cikin wuta za ta ce da sauƙi. Wata uku da suka wuce 'yarta Nana Aisha ta kawo ta kusan a kan dole. Kafaɗar dama ta ƙage, hannu ba ya wuce ƙirji. Ba ta iya aza ƙwaryar nono a ka, ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Wata biyar tana ɓoyewa.

Ran nan Ummulkhairi ta yi mata tatas, domin ita in ta ga ganganci ba ta duba furfura.

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Amiru, da Jaji, da wannan... da wani."

"Wanin shi ne ɗan farin ke nan. To ki aika a gaya masa na ce bai kyauta ba. Uwarsa na fama wata biyar yana can yana yawo."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai kawai.

Tun daga ranar suka shiga aiki. Tsumma da ruwan ɗumi a kan kafaɗa, sannan man tausa, a bi jijiyar wuya a gangaro a hankali. Sai tsohuwar ta sunkuya ta dafa benci ta saki hannun yana lilo. Daga ƙarshe ta fuskanci bango, yatsunta su dinga hawa kaɗan-kaɗan har inda zafi ya ce tsaya. Nan Ummulkhairi za ta ja layi da alli. An ce ta dinga yi a gida safe da yamma, ta raba ruwan da take ɗauka gida biyu, ta daina kwanciya a kan hannun. Ba ta taɓa cewa tana yi ba, amma allin ya faɗa. Layi goma sha biyu ne a bangon yanzu, na sama ya wuce kanta.

Yau ma ta kwanta, Ummulkhairi na murzawa shiru.

"Yarinya, yau hannunki ba ya nan."

"Yana nan, Inna."

"Hannun na nan. Mai hannun ce ba ta nan."

Da a ce Ummulkhairi ta yi dariya ta bar zancen, da ba a yi komai ba. Amma kwanaki ke nan ba ta da wanda za ta gaya wa, ga kuma tsohuwa mai riƙe baki. Sai ta kwance bakin jaka. Ta faɗi sharaɗin da aka gindaya mata, ta faɗi ƙagen da aka yi mata, har da cewa in ta ji ƙarar babur gabanta faɗuwa yake.

"Wallahi Inna ina son sa... Amma in na bar ɗakin nan, wa zai taɓa ku? Mudassiru?"

"Ɗan wane gida ne?"

"Ɗan uwanku ne ma, Bafulatani. Fatihu, malamin dabbobi na Kura."

Kafaɗar da ke ƙarƙashin hannunta ta sandare nan take. Inna Sa'ade ta jawo mayafi ta rufe fuska.

"Na danna da ƙarfi ne?"

"A'a."

Ta tashi ta gyara zani ta fita, ko bangon ba ta taɓa ba.

Talata ta zagayo, ba ta zo ba. Wata Talatar ma haka. Ummulkhairi ta dinga duban layukan alli tana tsaki, don ta san kafaɗa irin wannan in aka sake ta komawa take. Fatihu kuma ya rage kira, in ya kira ma gaisuwa ce da shiru.

Ranar Juma'a sai ga Nana Aisha.

"Inna ta ce ki zo gobe da hantsi. Ta ce da hantsi, kada ki wuce."

"Jikin ne?"

"Ta ce dai ki zo da kayan aikinki."

Goben ita ce ranar zaman su Fatihu, Ummulkhairi na sane. Ta ce a ranta gara ma ta sami abin yi da ta zauna tana jiran wayar da za ta kashe mata rana.

Rugar na can bayan babban kanal, inda aka saki shanu a gonakin da aka gama yanka suna cin kara. Ba bukkoki ba ne, ɗakunan ƙasa ne da rufin kwano. Tana sauka daga acaɓa ta ga babur a gindin darbejiya. Ta san wannan babur ko a cikin dubu.

Nana Aisha ba ta ba ta damar tunani ba, ta ja hannunta har tsakar gida.

An shimfiɗa tabarmi a inuwa. Wani dattijo na zaune kan buzu da carbi, Baffa Iliyasu ke nan. Gefe guda wata mace mai jiki da gwaggwaro, kusa da ita budurwa tana latsa waya. Can ƙarshe Fatihu ne a tsugune. Da ya ɗago ya gan ta sai ya miƙe tsaye.

"Ummu? Me ya kawo ki gidanmu?"

Gidanmu.

Ta waiwaya. A bakin wani ɗaki Inna Sa'ade na zaune ta juya wa taron baya tana gyaran ƙore. A bangon ɗakin, daga waje, layuka ne na gawayi, ɗaya bisa ɗaya, sun ma zarce nata na alli.

Sai komai ya dawo mata daki-daki. Ita ce ta aika a ce wa ɗan fari bai kyauta ba. Ita ce ta danne uwar saurayinta a gado tana gaya mata gabanta na faɗuwa in ta ji babur ɗin ɗanta. Ta durƙusa nan inda take. Da akwai rami da ta shige.

Gwaggo Tambaya ta ƙare mata kallo.

"Au, wannan ce mai tausar? Har gida? To Yaya, ka gani da idonka. Wace 'yar mutunci ce ke biyo namiji gidan iyayensa?"

"Gwaggo, don Allah..." in ji Fatihu.

"Rufe min baki. Ni na goya ka. Saliha, gaya musu abin da kika gani."

Saliha ta yi ƙasa da kai.

"Ni dai... ƙofa na gani a rufe."

"Ni ce a ciki."

Kowa ya juya. Inna Sa'ade ce, har yanzu bayanta ke fuskantar su.

"In ranar Talata ce da safe, ni ce. Ƙofa kuwa dole a rufe, tunda sai na tuɓe riga. Wata uku ina zuwa, ban taɓa ganin namiji ya taka ɗakin nan ba. Ni na aika ta zo."

Gwaggo ta saki baki.

"Sa'ade, yaushe kika fara sa baki a maganar yaron nan? Ina kunyar?"

Inna Sa'ade ta ajiye ƙoren da take gyarawa. Ta miƙe, ta sunkuya ta kama babbar ƙwarya cike da kindirmo da hannu biyu. Ummulkhairi ta manta da kunya, ta manta a gaban wa take.

"Inna, lanƙwasa gwiwa tukuna. Kada ki fizga."

Inna Sa'ade ta lanƙwasa gwiwa, ta ɗaga a hankali, ƙwarya ta wuce ƙirji, ta wuce haɓa, ta zauna daram a ka. Ta sauke hannuwanta ta juyo.

"Wata biyar hannun nan bai kai nan ba. Tambaya, kin zo gidan nan sau uku a lokacin, kin ci kin sha, ba ki lura ba. Ban ga laifinki ba, ni na ɓoye. Yarinyar nan kallo ɗaya ta yi min ta gane, ta kuma yi min faɗan da rabona da irinsa tun uwata na da rai."

Baffa Iliyasu ya yi gyaran murya, yana danne murmushi.

"Tambaya, kin yi riƙo, Allah ya saka miki," Inna Sa'ade ta ci gaba. "Shekara talatin ban ce komai ba, kuma daga yau ba zan ƙara ba. Amma ba za a ce hannun da ya tashe ni ƙazanta ne ina zaune ba."

Ba ta dubi ɗanta ba, shanu ta duba.

"Fatihu."

Sai da ya dafa itacen rumfa. Ƙato da gemu, hawaye na bin fuskarsa ya kasa sharewa.

"Na'am, Dada."

"Wannan ce. Da aikinta."

Ta juya da ƙwaryar a ka ta shige ɗaki ta saki labule.

Gwaggo ta yi ta sababi har azahar, amma Baffa Iliyasu ya riga ya tambayi sunan mahaifin yarinya. Da aka ce Malam Sada mai shinkafa, ya ce ya san shi, jibi za su je.

An ɗaura aure bayan ƙaramar Salla. Gwaggo Tambaya ta zo a makare ta zauna nesa, tana dafe da ƙugu. Ummulkhairi ta hango ta ta cikin mayafi, ta kuma gane irin zaman, amma ta bar wa ranta.

Talatar farko da ta koma aiki, ta buɗe ƙofa ta tarar da Inna Sa'ade a kan benci. Nan take ta zube ƙasa ta ja hijabi ta rufe fuska, gaisuwar ma a ciki ta maƙale. Yaya za a yi ta ce wa surukarta tuɓe riga?

Tsohuwar ta wuce ta ta gefenta ta hau gado.

"Kunyar nan ki ajiye ta sai kin zo ruga. Nan asibiti ne."

"To, Inna..."

"Kuma ki yi sauri. Tambaya na waje, ita ce ta biyu a layi."