Kujerar Tabawa

A wani gari can, an yi wani tsoho, Jatau, mai taɓa walda don nishaɗi. Ciwon gwiwa ya hana matarsa Tabawa zaman tabarma, sai ya ce zai yi mata kujera. Ya haɗa, ta karkace. Ya sake, ta karkace.

Ya ce, "Kekena zan sayar, in sayo na'urar matse ƙarfe."

"Malam, na'urar za ka hau zuwa kasuwa?" Tabawa ta miƙo zaren ɗinkinta. "Auna kusurwa zuwa kusurwa, nan da can. In sun zo ɗaya, ka liƙe."

Ya auna, ya liƙe. Ya auna, ya liƙe.

Tabawa ta zauna, ta jijjiga da gangan. Kujera ko gezau.

"Saura taka, Malam. Ba na son zama ni kaɗai."