Tabon Wankan Jego

Salima na falo tana kurɓar kunun kanwa, jaririnta Tamimu na goye a bayan Gwaggo Iyatu, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mijinta Sulaimanu ya buɗe. Wata mata ce daga ofishin kula da yara, da ɗan sanda a bayanta. Wai an buga musu waya an ce maigidan na dukan mai jego, jaririn ma yana cikin haɗari.

Sulaimanu fa! Mutumin Maraɗi, mai sayar da turare da huluna a bakin titin 125th Street, wanda ko kaza zai yanka sai ya kau da kai. Amma Gwaggo, wadda ta riƙe Salima tun tana marainiya a Kano har ta kawo ta unguwar Bronx a Amurka, ba ta taɓa ƙaunar auren ba. Kullum maganarta ɗaya, "Ke da digirinki, ki ƙare a hannun mai tebur?"

Matar ta ja Salima uwar ɗaki, Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kina son mijinki? Hankalinki kwance yake da shi?"

Ina Bahaushiya za ta ce tana son miji a kunnen uwar riƙonta? Salima ta sunkuyar da kai. Matar ta ɗauka tsoro ne. Ta ce a ɗaga riga. Ga baya nan duk ya sale, tabon tafasasshen ruwan da Gwaggo ke fyaɗa mata da ganye kowace safiya.

"Wa ya yi miki wannan?"

In Salima ta faɗa, ta tona tsohuwa ga hukuma. Ta yi shiru, hawaye na zuba. Shirun nan shi ya fitar da Sulaimanu daga gidansa. Aka ce ba shi ba ɗansa sai a gaban ma'aikaci, har a gama bincike. Ya ɗauki jakarsa, ya dubi Salima ya ce, "Ba komi. Ki ci abinci saboda yaron."

Tun daga ranar Salima ta zama abar tausayi. Nono ya ƙafe, barci ya ƙaura. Shi kuwa yana kwana a ɗakin abokinsa a unguwar Mount Hope, masu sayen turarensa suna nuna shi da baki.

Wata safiya Gwaggo na tafasa ruwan wanka, ta ce, "Ki daina wannan koke-koken. Da ban buga wa hukuma waya ba, har abada ba za ki rabu da shi ba. In sun zo gobe ki ce shi ne, a wuce wurin."

"Ke kika buga, Gwaggo?"

"Ni ce. Gata na yi miki."

Salima ta dube ta. Ashe wadda take rufa wa asiri ita ta haƙa ramin.

Da matar ofishin ta dawo, Salima ba ta shiga ɗaki ba. A tsakiyar falo ta tsaya.

"Tabon nan na wankan jego ne, al'adarmu ce, Gwaggo ke yi min, kuma da yardata. Mijina bai taɓa ɗaga min hannu ba. Ina son sa, ki rubuta haka."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Lallai kin fitsare."

Bincike bai ƙare nan take ba. An kai Salima gaban likita, an yi ta sintiri a kotu har sanyi ya wuce, kafin a wanke Sulaimanu. Ranar da ya dawo ya rame, Tamimu ya ƙi yarda da shi, yana ta ƙyuya. Gwaggo kuwa ta tattara kayanta ta tafi, ta ce ba ta da 'ya a Amurka.

Salima ta durƙusa tana kuka. "Ka yafe min. Ni na kore ka da bakina da ban buɗe ba."

Ya ɗago ta. "Na yafe tun ranar. Gwaggo ma za mu je mu gaishe ta, ko ta rufe mana ƙofa."

Haƙurinsa ya dawo masa da iyalinsa. Kunya ado ce, amma wadda za ta sa a zalunci marar laifi, ba kunya ba ce, cuta ce.