Kwanon da Sabriyya ta Wanke

Ranar wata Alhamis, rana ta sauka bayan itatuwan dabino, ɓaunaye suna fitowa daga ruwa ɗaya bayan ɗaya, Jasib ya dawo daga tudu da wani abu ƙunshe a rawaninsa. Shekara goma sha ɗaya yana yi wa Turawa masu tonon tsoffin garuruwa haƙa. A bana sun kai kan unguwar da Yahudawa da Nasara suka zauna gida jikin gida, tun kafin Musulunci ya iso ƙasarmu. Ƙarƙashin dokin ƙofar kusan kowane gida akan tarar da kwanon yumɓu a kife, cikinsa baƙin rubutu ya nannaɗe kamar maciji har tsakiya. Wannan kuwa ya fito ne bayan an tashi aiki, Baturen da ke kula da aikin ya riga ya kama hanyar Bagadaza. Jasib ya ce bari ya ajiye masa zuwa Asabar. Ya ɗora shi a bakin tanderu, ya tafi alwala.

'Yarsa Sabriyya, mai shekara goma sha shida, ba ta iya ganin kwano da datti ta wuce. Ta ɗebo toka da soson dabino, ta durƙusa, ta dirje shi ciki da bai har baƙin ruwa ya gangara ƙasa.

"Wa ya taɓa wannan?" in ji Jasib da ya dawo.

"Ni ce, Baba. Dubi yadda ya fito fes."

"Fes! Shekara dubu da ɗari huɗu rubutun nan bai ga ruwa ba, sai da ya gamu da sarauniyar wanke-wanke."

Bai rufe baki ba wani abu ya faɗo tsakaninsu. Ƙasarmu laka ce, ba ta da dutse ko na jifan kare. Jasib ya sunkuya ya ɗauka. Tsingaro ne, irin wanda yake kwashewa a tudu, kuma da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi daga wuta.

Daga ranar, kullum rana ta yi ja sai jifa. Ba ya zuwa daga kan katanga, daga sama yake saukowa a hankali, kamar ana ajiyewa. Kaji suka daina kwana a gidan. Maƙwabciyarsu Umm Sattar, wadda ba a mutuwa ko haihuwa ba ta ba da fatawa ba, ta shigo tana hura hanci: "Ni fa na faɗa, na faɗa, kayan matattu ba a kawo su inda ake cin gurasa!" Rabin tsohon bulo ya sauka gaban ƙafarta. Ta fita ba takalmi ɗaya, ba ta ko aiko a ɗauka ba.

A magariba ta uku aka nemi Sabriyya aka rasa. Uwarta, Umm Falih, ta same ta a dokin ƙofa, ta kifa goshinta a ƙasa, bayanta ya ranƙwafa. Maza biyu suka kasa ɗaga ta. Daga ƙarƙashinta wata murya ta tsohuwa, busasshiya, tana kira: "Mahlafta. Ina Mahlafta?" Babu mai wannan suna a duk ƙauyukan bakin kogi.

Ta daina ci. Ruwa ma sai an matsa mata da auduga. Kwana shida, wuyanta ya zama kamar sillen kara. Umm Falih ta ce wa mijinta, ba ta ko ɗaga murya ba: "Yarinyar nan ba za ta ga Juma'a ba."

Ranar Alhamis bayan la'asar Sayyid Ni'ima ya iso a kwalekwale, tsoho mai ido ɗaya wanda ya yi shekara ashirin yana karatu a Najaf, birnin malamai. Mazan ƙauye suka cika tsakar gida, mata suka leƙo ta kan katanga. Ya zauna gaban yarinyar, ya juya kwanon a hannunsa, ya daɗe yana kallon farin cikinsa. Sannan ya fara karatu. Inuwa ta rufe rabin gidan kafin muryar ta amsa.

"Ya isa, mai ido ɗaya."

"Wace ce ke?"

"Wadda aka saka. Malamin Yahudawa ya rubuta mini takardar saki a kwanon nan, maƙwabcinsu Banasare ya yi shaida. Aka sallame ni daga gidan Mahlafta da 'ya'yanta, aka kife ni. Na kwanta lafiya. Sai 'yarku ta wanke sakin. Na koma gidan, na tarar kun kwashe bangonsa a kwando. To, inda aka kawo ni, nan na zauna."

"Fita, ko in ƙone ki da sunan Allah."

Ya ɗaga murya. Jikin Sabriyya ya ɗauki rawa, jini ya tsiyayo daga hancinta ya jiƙa ƙasa.

"Ƙona mana," in ji muryar. "Amma ƙirjin nan ƙarami ne, zai riga ni."

Sayyid ya dakatar da karatu. "Me kike so?"

"A sake rubuta mini, a kife ni ƙarƙashin ƙofar nan. Duk wanda aka ambata da sunan uwarsa, na bar shi har abada. Mai gida ne zai faɗa da bakinsa, a gaban shaidu. Haka aka yi na farko."

A wurinmu namiji ba ya kama sunan matarsa ko na uwarsa a gaban maza. An sha fasa kai a kan abin da bai kai haka ba. Jasib ya dubi mutanen da zai ci gaba da shan shayi da su har ya mutu, ya dubi jinin da ke ƙasa.

Sayyid ya tsoma alƙalami a tawada, ya dubi Jasib. "Abu Falih, rana tana faɗuwa."

"Sabriyya," in ji Jasib, "'yar Nashmiyya."

Wani ya yi tari a baya. Maza suka sunkuyar da kai. Ya ambaci ɗansa Falih da ke aikin soja. Da aka zo kan matarsa, ita ta raɗa masa sunan uwarta, ya maimaita.

"Saura kai," in ji Sayyid.

Jasib ya ce, "Rubuta ɗan Hauwa'u, yadda ake yi wa mamacin da ba a san uwarsa ba."

"Kai ka san taka. Faɗi."

"Sayyid, na ba da sunan matata saboda 'yata. Uwata tana kabarinta a rufe. Ba zan fito da ita tsakar gida ba."

"Na yarda," in ji muryar, da sauri.

Sayyid bai so wannan saurin ba. Ya riƙe alƙalami a sama. Amma numfashin yarinyar ya fara yankewa, Umm Falih ta kama gefen rigarsa, sai ya rubuta ɗan Hauwa'u. Aka janye Sabriyya, yanzu ba ta fi nauyin dami ba. Jasib da kansa ya haƙa ramin, da hannun da ya saba, ya kife kwanon, ya mayar da ƙasa ya daddale.

Sabriyya ta buɗe ido. "Inna, ƙishirwa."

Mata suka rangaɗa guɗa ta kan katanga. Ta sha ruwa, ta ci dabino biyu, ta yi barci a cinyar uwarta. Mutane suka watse. Sayyid ya tsaya a ƙofa ya dubi Jasib, ya dafa kafaɗarsa, ya nufi kogi.

Umm Falih ta ciro gurasa daga tanderu, ta zuba shayi. Mijinta yana zaune a dokin ƙofa, kan sabuwar ƙasar.

"Abu Falih, taso, tana hucewa."

Bai juyo ba. A hankali ya ranƙwafa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Daga ƙarƙashinsa muryar ta fito, a natse, kamar ta baƙon da aka sauka a ɗaki mai kyau.

"Wannan ƙirjin ya fi faɗi."