Man Kaɗen Hajiya

"Wahida, na ce ki mayar da shi cikin jaka!"

"Baban Samiha, ɗan kaɗan zan shafa..."

"Ba a gabanki likita ta hana ba?"

Na tsaya riƙe da gwangwanin man kaɗe. Dawowarmu ke nan gidanmu na Greenbelt, nan Amurka, daga asibiti, cunkoson motocin titin Beltway ya gama da bayana, ga aikin kula da tsofaffi na jirana da yamma.

Tun da babbar mota ta cinye wa mijina Abdul-Nasir ƙafar hagu, fatar dungun ba ta taɓa shiri da ƙafar roba ba. Ya sa ta kwana biyu, fatar ta saluɓe, ya koma kan sanduna. Shi ne likitoci suka saka shi a wani gwaji. Sun yanki 'yar fata a tafin ƙafarsa mai lafiya, suka raini ƙwayoyinta, yau suka yi masa allurarsu a dungun, ko Allah zai sa wurin ya yi kauri kamar tafin ƙafa. Sharaɗinsu, kada a shafa komai a wurin.

Ni kuwa kullum tausasa shi nake yi. Mahaifiyarsa, Hajiya Memunatu, ita ke aiko man daga Kumasi, ko sallama ba ta gama amsawa a waya sai ta ce, "Kin shafa wa ɗana?"

"Hajiya ni zan yi mata bayani," ya ce a gajiye. "To kukan na mene ne?"

"Ba Hajiya ba ce."

"To wa?"

Na daɗe ina juya murfin.

"Tun hatsarin nan, in na matso sai ka juya wa bango. Lokacin shafa man nan kaɗai kake bari in taɓa ka. Yanzu shi ma sun karɓe..."

Na ji jirgin ƙasa na Metro ya wuce, na miƙe zan nemi takalmin aiki.

"Wahidata."

Rabon da in ji wannan sunan har na manta.

Ya miƙo tafukan hannunsa. Sanduna sun yi musu kanta, duk sun tsattsage, ban ma taɓa lura ba.

"Likita ba ta ce komai a kan waɗannan ba."

Na zauna. Na buɗe gwangwanin.