Zinariyar Babansa, Azurfar Kakarta

"Ɗago ka dube ni, Noriaki! Tun daga tashar jirgi kake kallon takalminka."

Bai ɗago ba. Fumika ta ja tsaki, ta juya wajen tsoho Kuramoto maƙerin zobe, wanda ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a kan tebur ya ɗora wani guntun ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A waje ruwa ake yi, irin na Kanazawa, birnin nan na Japan, da ba ya gajiya.

Watan jiya suka kawo masa kayan. Noriaki ya kawo zoben zinariyar marigayi babansa, ita kuma tsinken gashin kakarta na azurfa. Tsohon ya bubbuge kowanne ya zama falle-falle, ya jera su ɗaya kan ɗaya, ya sa a wuta, ya yi ta duka har suka zama abu guda. Yau za su zaɓi zanen da za a fitar a jikin zoben baikonta, abin da ya rage a yi masa nasa.

"Wanne kuke so?" in ji tsohon. "Mai gudu kamar ruwa, ko mai idanu kamar jikin katako?"

"Tambayi ango, Baba. Ni dai yau da kurma na zo."

"Fumi... ba zan iya ba."

"Zaɓen zane? To bari ni in zaɓa, ragon banza."

"Sunan nake nufi."

Ta juyo ta dube shi.

Ita kaɗai iyayenta suka haifa. Gidansu na Hamazaki tun kakannin kakanni miso suke yi, wani kayan miya mai kama da daddawa, waken suya na kwana shekaru a manyan gangunan katako kafin ya nuna. Sharaɗin babanta ɗaya ne: ango ya shigo gidan, ya ɗauki sunan Hamazaki, tunda doka suna ɗaya ta yarda miji da mata su riƙe. Noriaki ya yarda da dariyarsa, don yana da wa da zai riƙe sunan gidansu na Tsubata. Sai teku ta cinye wan nasa a bazara. Duk da haka ya yi ta cewa ba komai, magana tana nan.

"Ba kai ka durƙusa gaban Babana ba?" in ji ta. "Ba kai ka ce in kira ka duk sunan da na ga dama, in dai ni ce mai kiran ba?"

"Ni ne."

"To me ya canza?"

"Jiya na je maƙabarta. Na tarar da Mama ita kaɗai tana wanke dutsen kabarin gidanmu, da wannan bayan nata mai ciwo. Tana bin sunanmu da aka rubuta a jikin dutsen da tsumma... Ta ce da ni, 'Kada ka damu ɗana, in na mutu masu kula da wurin za su share.'"

"Ta ce ka fasa?"

"Ba ta ce ba! Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi." Sai yanzu ya ɗago, idanunsa jajur. "Ke ki zo gidanmu, Fumi. Ki zama Tsubata. Zan riƙe ki kamar raina."

"In bar Babana da ganguna? Mutumin da ko tsani ba ya iya hawa yanzu? Ka san ranar da na fita, ranar za a rufe gidan."

"Na sani."

"To don me ka tambaya?"

"Don in ji da kunnena, masoyiyata."

Ta goge fuska da bayan hannu, ta dubi tsohon.

"Baba, raba mana. Ka ba shi zinariyar babansa ya mayar wa uwarsa, ni ka ba ni azurfata."

Kuramoto ya cire gilashinsa. "Ba ya rabuwa, 'yata. Na gaya muku tun ranar farko, kuna ta dariya kuna tsunkulin juna. In na narka shi, wani ƙarfe ne zai fito mai launin toka, ba naki ba, ba nasa ba."

"To yaya za mu yi?"

"Zarto nake da shi. Shi ke nan."

Noriaki ya gyaɗa kai. Ƙarar zarton nan har cikin haƙoranta ta ji ta. Da guntun ya rabu biyu, tsohon ya miƙa wa kowa nasa. Ta duba bakin yankan. Zinariya, azurfa, zinariya, azurfa, har ƙasa.

A bakin ƙofa Noriaki ya miƙa mata lemarsa. Ta ƙi karɓa. Ya jingine ta a bango ya shiga ruwan haka nan, bai waiwayo ba.

Da ta isa gida, ta tarar da babanta a tsakanin ganguna, yana zaune a kan kujera yana shafa gwiwa.

"Ina ɗan nawa?" ya tambaya da murna. "Ina zoben? Nuna mini in ga tsinken uwata ya zama amarya."

Ta durƙusa ta buɗe tafin hannunta. Ya ɗauki guntun, ya juya shi a haske, ya daɗe yana kallon yankan zarton. Murmushinsa ya tafi a hankali.

"Wannan rawayan fa?"

"Nasa ne, Baba..." Kukan ya ƙwace mata. "An ce ba ya fita."