Azarorin Ƙofar Mazaje

Ranar kasuwar Yankara, bayan azahar, aka kira Sufeto Mas'udu Gide. An kashe Malam Abdulgafar mai zane a shagonsa.

Gawar na kife a ƙasa, an farfasa ƙeyarta, jini ya fantsama har silin. Yatsun hannun dama uku sun karye wajen kāre duka. Sufeto ya duƙa, ya ga garin siminti a bakin raunin.

A bango akwai babban zanen Ƙofar Mazaje, tsohuwar ƙofar da aka gina don tunawa da waɗanda suka faɗi wajen tsaron gari. An yanke saman zanen da wuƙa, daidai bakan ƙofar, an tafi da shi.

Saudatu, matar mamacin, ta ce, "Shekara ashirin ke nan da ya zana ta. Gobe za shi kai wa kwamitin bincike zanen."

"Binciken me?"

"Ƙofar ta rufta bara, bayan an gyara ta. Mata biyu ta danne. Malam ya ce azara tara ke riƙe da bakan, duk ya zana su. A cikin ɓaraguzai huɗu aka samu."

Sufeto ya wuce Faskari, wurin Alhaji Mani, maginin da ya yi gyaran. Ya same shi yana duba wani gini da leburorinsa ke yi, hannunsa na hagu ɗaure da tsumma.

"Alhaji, ina kake da azahar?"

"Sabuwa nike, wajen ɗiyata."

"Ka san Malam Abdulgafar?"

"Sai dai suna. Ban taɓa taka shagonshi ba."

"Hannun fa?"

"Kwano ya yanke ni."

Sufeto ya sa ya kwance. Shatin haƙora ne, sun shiga nama sosai.

"Kwanon Sabuwa haƙora gare shi?"

Alhaji Mani ya rarumi guduma ya kawo masa duka. Sufeto ya goce, ta sauka a kafaɗarsa, ya ji ƙashi ya yi ƙara. Da ɗaya hannun ya shaƙo wuyan Alhaji Mani, suka zube kan bulo. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya murɗe hannun maginin ya sa ankwa.

A aljihun rigarsa aka zaro yankin zanen, jiƙe da jini. Sufeto ya ƙirga azarorin. Tara.

"Biyar na cire, na yi rufin gidana," in ji Alhaji Mani, bakinsa na zubar jini. "Na ɗauka siminti zai riƙe. Na roƙi Malam ya ɓoye zanen, ya ce matan nan suna da 'ya'ya."

"Shi ma yana da huɗu," Sufeto ya ce. "Kofur, sa shi a mota."

Leburorin suka dare, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi maigidansu.