Baƙar Leda a Jakar Auta

Auta da mamanta sun hau babbar bas za su je wurin Baba. Baba yana aiki a wata ƙasa, kuma Auta ta daɗe ba ta sa shi a ido ba.

Da suka iso kan iyaka, sai suka tarar da dogon layin motoci. Direba ya kashe mota. Zafi ya cika bas, jarirai suna ta kuka. Ruwan gorar su Auta ma ya ƙare.

"Mama, yaushe za mu wuce?"

"Sai an duba takardunmu da kayanmu. Zauna nan, bari in nemo mana ruwa."

Saukar Mama ke da wuya, wata mata mai jan mayafi ta matso. Ta miƙa wa Auta biskit. Auta ta karɓa ta ci, don yunwa take ji.

"'Yata, kayana sun yi mini yawa," in ji matar. "Ajiye mini wannan ledar a jakarki. In mun tsallaka sai in karɓa. Ba sai kin gaya wa mamanki ba, kar mu dame ta."

Auta ta ji kunyar cewa a'a. Ta cusa baƙar ledar ƙarƙashin kayanta.

Sai da rana ta yi sanyi layi ya zo kansu. Jami'ai suka ce kowa ya sauko da kayansa. Wata jami'a ta buɗe jakar Auta, ta zaro ledar, ta kwance. Nan take ta haɗa rai.

"Ƙwayoyi ne da doka ta hana. Yarinyar nan 'yar waye?"

"'Yata ce," in ji Mama. "Amma ban san wannan ledar ba."

"Kowa haka yake cewa. Biyo ni."

Aka shiga da Mama wani ƙaramin ɗaki. Fasinjoji suka fara gunaguni.

"Kun gani? Irinsu ne suke ja mana wahala."

Auta ta dubi mai jan mayafi. Matar ta kau da kai kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Tsoro ya kama Auta.

Ta leƙa ta tagar ɗakin. Mama tana zaune a kan benci, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Can waje direba ya tayar da mota.

Auta ta ruga wurin jami'ar, ta riƙe hannunta.

"Don Allah ki saki Mama. Ni na karɓi ledar. Waccan mai jan mayafin ce ta ba ni."

"Ƙarya take yi!" in ji matar.

Jami'ai suka zazzage kayan matar. Cikin wani bargo suka samu ledoji irin wannan, da ƙwayoyi iri ɗaya. Suka tafi da ita.

An saki Mama, amma an daɗe ana yi musu tambayoyi. Kafin a gama, bas ta tafi. Suka zauna a kan kayansu a bakin titi, suna jiran wata.

"Ki yafe mini, Mama."

Mama ta jawo ta jikinta.

"Na yafe. Amma ki sani, duk wanda ya ce ki ɓoye mini abu, ba alheri yake nufin ki da shi ba."

Wata bas ta zo ta ɗauke su. A tasha suka hango Baba tsaye yana ta waige-waige. Auta ta sheƙa da gudu, ya ɗaga ta sama, har Mama ta yi dariya.

Daga ranar Auta ta koyi darasi: kada ka karɓi ajiyar wanda ba ka sani ba, kuma kada ka ɓoye wa iyayenka komai.